Daga Miga zuwa Baturiya: Fadamar Haɗeja na jiran zauren baƙinta

Da zarar ruwan damina ya fara ja da baya a watan Oktoba, hunturu ya fara leƙowa, fadamun da ke bin Kogin Haɗeja kan yi baƙin da ba ruwansu da biza ko shingen kan iyaka. Ƙananan agwagin ruwa ne da wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, waɗanda suka yi ƙwai suka ƙyanƙyashe a arewacin Turai da Rasha. Sanyi ya koro su, suka tsallako Bahar Rum, suka keto hamadar Sahara mai faɗin fiye da kilomita 1,500, kuma wannan fadama na cikin manyan ruwayen farko da suke tararwa bayan sun fito daga rairayi. Nan suke zama har wajen watan Maris, suna kiwo tare da 'yan gida irin su dinya da kirinjijiya da dani da zalɓe da balbela.

Masu ƙidayar tsuntsaye sun rubuta nau'i fiye da 370 a dausayin da ya tashi daga Haɗeja zuwa Nguru, kuma a ƙidayar watan Janairun 1997 kaɗai an samu tsuntsayen ruwa sama da dubu 300. Wannan ya jawo wa yankin suna a duniya. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin Ramsar a shekarar 2000, wato yarjejeniyar kare dausayi da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971. A 2008 Baturiya da ke Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma, mai faɗin hekta sama da dubu 100, ta bi sahu tare da Dagona ta Jihar Yobe. A 2020 hukumar UNESCO ta sanya yankin Haɗeja da Nguru da Bade cikin ma'ajiyoyin halittu na duniya, a ƙarshen shekarar kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10, ciki har da na dausayin Haɗeja.

Takardun shaida dai sun cika jaka. Amma ka tsayar da ɗalibin sakandare a Miga ko Auyo ko Kafin Hausa ka tambaye shi mece ce Ramsar, da wuya ya amsa, alhali mahaifinsa a cikin wannan ruwan yake noma ko su. Tunda gandun Baturiya sabo ne a lissafin gandayen tarayya, yanzu ne ya kamata a yi maganar wurin da za a riƙa tarbar mai ziyara a yi masa bayani, da kuma irin labarin da za a ba shi idan ya zo.

Zaure kafin cikin gida

A ƙasashen da suka ɗauki yawon buɗe ido da muhimmanci, gandun daji ba ya rasa wani gini a bakin ƙofarsa, inda baƙo zai fara tsayawa ya ga taswira, ya ji tarihin wurin, a faɗa masa abin da zai gani da abin da aka hana, sannan a haɗa shi da ɗan jagora. Mu a Hausa ba mu buƙatar aron suna, zaure ke nan. Ba a faɗa wa gidan mutum kai tsaye, sai an yi sallama a zaure, an gaisa, an san wanda ya zo da abin da ke tafe da shi.

Misalin da aka fi bayarwa shi ne na dajin Hoh da ke gandun Olimfik a Jihar Washintan ta Amurka. Daji ne mai duhu a ƙasar sanyi, inda ruwan sama ke kai mita uku da rabi a shekara, wato ninki biyar ko shida na abin da ƙasar Haɗeja ke samu. Gansakuka ta lulluɓe itatuwan wurin tun daga saiwa har reshe. Zauren baƙinsa ƙarami ne, ba wani katafaren gini ba, amma daga bakinsa wata 'yar hanya ta tashi wadda ba ta kai kilomita ɗaya da rabi ba, tsoho da yaro duk za su iya zagaye ta, su fito sun fahimci yadda icen da ya faɗi ya ruɓe ke zama gadon da sababbin itatuwa ke tsirowa a kai.

Wanda ya fi dacewa da halinmu yana can arewa da nan, a tsibiran Haida Gwai na yammacin Kanada, su ma masu irin wannan daji. A 1985 mutanen ƙabilar Haida suka tare hanyar masu saran katako a ɗaya daga cikin tsibiransu, aka kama da dama, har da dattawa. Rikicin ya ƙare da yarjejeniyar 1993, wadda ta ce gwamnatin Kanada da mutanen Haida za su riƙa tafiyar da gandun tare. Cibiyar da suka gina a garin Sikidiget ta haɗa gidan tarihi da rumfar masassaƙa da ɗakin ajiye jiragen ruwan gargajiya, baƙo na kallo ana sassaƙa a gabansa. A tsofaffin kufai na cikin gandun kuma 'yan ƙabilar ne ke zama lokacin zuwan baƙi, su ne masu gadi, su ne masu bayani. Mai ziyara ba ya rabuwa da wurin sai ya gane cewa dajin da mutanensa labarinsu ɗaya ne.

Ko a gida Najeriya akwai abin koyi. Cibiyar Lekki da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF, ta kafa a Legas a 1990, hekta 78 ce kacal, ba ta kai ko kashi ɗaya cikin dubu na Baturiya ba, amma motocin 'yan makaranta ba sa yankewa a ƙofarta. Birai da dogon tsanin da aka rataya a saman itatuwa ne ke jan su, daga nan sai a cusa musu darasi.

Yankinmu ma ba baƙo ba ne ga wannan harka. Tun 1987 aka kafa shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru, da hannun ƙungiyar IUCN da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya da NCF, kuma ofishinsa na Nguru ya daɗe yana zama zangon masu bincike daga ciki da wajen ƙasa. A 1989 mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo Dagona lokacin yana shugaban asusun kare namun daji na duniya, WWF. Sai dai yawancin abin da aka gano a waɗannan shekaru da Turanci aka rubuta shi, yana kwance a ɗakunan karatu na jami'o'i, bai dawo ga mutanen da aka yi binciken a gonakinsu ba.

Labarin daga sama yake farawa

Duk zauren da za a gina a Baturiya, idan ya buɗe bayaninsa da hotunan tsuntsaye, ya fara daga tsakiya. Tsuntsu ruwa ya biyo, ruwan kuwa ta ƙasar su Ringim da Taura da Miga yake wucewa kafin ya kai can. Don haka abu na farko da ya kamata baƙo ya gani shi ne taswirar kogin, babba, wadda aka gina a ƙasa da yumɓu ko siminti, yadda za a iya zuba mata ruwa da buta a ga inda yake bi.

Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja. Yana barin ƙasa mai duwatsu sai ya faɗa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai yashi, inda tsofaffin tuddan rairayi suka jeru tun zamanin da hamada ta taɓa saukowa har nan, dubban shekaru da suka wuce. Waɗannan jigayi su ne suka ba jihar sunanta. Da yake ƙasar ba ta da gangara sosai, kogin ba ya iya tafiya a hanya ɗaya, sai ya yi ta rarrabuwa yana ratsa tsakanin tuddan. Tun kafin ya kai garin Haɗeja, a wannan yanki na su Miga da Auyo, reshen da ake kira Kogin Kafin Hausa ke ɓallewa ya nufi wajen Baturiya. Bayan Haɗeja kuma ya sake kasuwa zuwa tsohon kogi da Burum Gana da mashigin Marma mai zuba a tafkin Nguru. Abin da ya tsira ya haɗu da ruwan Jama'are, su zama Kogin Yobe a wajen Gashuwa, ya nufi Tafkin Chadi.

Bisa wannan tsari na tudu da fadama mutane suka gina rayuwarsu. Gero da dawa a tudu da damina. Shinkafa a fadama, a shuka kafin ambaliya, ta tashi tare da ruwa. Ruwa na janyewa a bi danshinsa da wake. Rani ya yi a koma lambu, a dā da jigo, tun shekarun 1980 kuma da injin ban-ruwa, a yi alkama da tattasai da albasa da tumatur da kankana. Bafillace ya sauko da shanunsa bayan girbi su ci burugu da ragowar gona. Masunci yana nan a kowane mataki. Fili ɗaya kan ciyar da gida uku ko huɗu a shekara, kowa da lokacinsa. Akwai kuma amfanin da ido ba ya gani, domin ruwan da ya kwanta a fadama yana nutsewa ƙarƙashin ƙasa, shi ke riƙe rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogi.

Sai aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992. Su biyun suna riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja. Ba wanda zai musanta amfaninsu, birnin Kano na sha daga gare su, noman rani na Kadawa da Kura da su yake tafiya, haka ma aikin ban-ruwa na kwarin Haɗeja da ke Auyo, wanda aka ƙaddamar da faɗaɗa shi a farkon 2023. Amma ƙasa ta biya kuɗin. A ƙarshen shekarun 1960 ambaliya kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a dausayin, zuwa farkon shekarun 1990 kuwa an yi shekarun da ba ta kai rabin haka ba, fari da madatsu sun haɗu sun matse ta.

A daidai wannan lokaci ne wasu masana uku, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, suka zauna suka yi lissafin da har yau ake koyar da shi a jami'o'in duniya. Suka auna abin da ruwa ke samarwa idan aka bar shi ya malala a fadama, ta fuskar noma da kifi da itacen girki, suka kwatanta da abin da ruwa daidai wannan ke samarwa a babban aikin ban-ruwa na Kogin Kano. Fadama ta yi wa aikin gwamnati fintinkau, ninki ba ninki, alhali ba su ma sa kiwo da ruwan rijiyoyi a lissafin ba. A 1993 IUCN ta fitar da littafi guda a kan dausayin, cikin editocinsa har da Dokta Muhtari Aminu-Kano wanda daga baya ya shugabanci NCF. Manomin Hantsu ko na Guri ya cancanci ya ji wannan sakamako da harshensa, domin hujja ce a hannunsa duk ranar da aka zauna rabon ruwa.

Kacala da jan-baki

Madatsun ba rage ambaliya kaɗai suka yi ba, sun sauya halin kogin. A dā yakan cika da damina ya ƙafe da rani, har a taka a ƙetare. Yanzu ana sako ruwa duk shekara saboda masu noman rani da masu sha, sai ya zama akwai wuraren da ba sa bushewa ko kaɗan. Abin da kacala ke so ke nan. Wannan doguwar ciyawa mai kai kamar na gero ta cika hanyoyin ruwa, ta rage masa gudu, yashi da laka suka kwanta, hanyoyin suka toshe. Sakamakon shi ne abin da mutanen yankin suka fi kowa sani: wani gari ruwa ya yi masa yawa ya cinye gonaki shekara da shekaru, wani kuma ruwan ya daina zuwa gaba ɗaya. Mashigin Marma ya riƙa kwasar kaso mafi tsoka, tsohon kogi da Burum Gana suka koma kamar kwata. Idan kuma aka yi damina mai ƙarfi irin ta 2020 da 2022, ruwan ya rasa hanya sai ya shiga gari, kuma Miga da Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja da Guri duk sun ɗanɗana.

Cikin kacalar nan sauro ke hayayyafa, da dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya. Cikinta kuma jan-baki ke kwana. Wanda bai taɓa ganin garken jan-baki ya sauka a gonar shinkafa ba zai ɗauka hayaƙi ne ya taso. Yara kan wuni a gona tun asuba suna kaɗa gwangwani da igiya suna ihu, wasu makaranta ma sai an yi girbi. A nan ne masu kare muhalli ke yawan yin tuntuɓe. Ka je ƙauyen da jan-baki ya cinye wa rabin amfani ka ce ka zo kare tsuntsaye, ka ga irin kallon da za a yi maka. Dole zauren ya bambance wa mutane, da hoto da bayani, tsakanin jan-baki mai ɓarna da baƙin tsuntsayen da yawancinsu ƙwari da tsutsa da 'ya'yan ciyawa da shinkafar da ta zube bayan girbi suke ci. Ya kuma faɗi gaskiya cewa feshin guba da ake yi wa jan-baki ta jirgin sama ba ya tambayar sunan tsuntsu kafin ya kashe shi.

Mutane ba su zauna sun naɗe hannu ba. Ƙauyuka kan yi gayya su shiga ruwa da lauje da adda suna yanke kacala, wani lokaci ruwa har ƙirji. Gwamnatin jiha ta sayi injinan yashe kogi masu tafiya a kan ruwa. A 2006 jihohi shida da ke cin moriyar kogin, Kano da Jigawa da Bauchi da Filato da Yobe da Borno, sun haɗu a Damaturu sun kafa asusun kula da shi tare da gwamnatin tarayya. Jami'ar Tarayya da ke Gashuwa ta shiga wani bincike ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya kan yadda za a mayar da kacala iskar gas ta girki da abincin dabbobi, a Senegal kuma ana yin gawayi da kayan rufin ɗaki da ita. Da ni ake shawara, da kacala za a yi wa zauren baƙin jinka da asabari. A Denmak akwai cibiyar tsuntsayen bakin teku kusa da garin Ribe da aka sake buɗewa a 2017, rufinta da bangonta duk na ciyawar ruwa ne, kuma mutane na zuwa kallon ginin kansa.

Mutanen ruwa

Ɓangaren al'adu shi ne inda aka fi yin ha'inci a irin waɗannan wurare. A rataye ƙwarya biyu da tsohuwar garma a bango, a rubuta musu suna da Turanci, a ce an nuna al'ada. Fadamar Haɗeja ta fi ƙarfin haka. Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa da Gizimawa ne suka zauna a bakin ruwa ɗaya, kowa da irin saninsa.

A ɗauki su kaɗai. Akwai birgi da ake jefawa, da koma, da kalli da ake shimfiɗawa a bari ya kwana, da mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, da gurar Mali da ta shigo daga baya ta mamaye ko'ina, da gorar da masunci ke kwanciya a kai yana iyo. Kowanne da irin ruwan da ake sa shi da irin kifin da yake kamawa, tarwaɗa ko karfasa ko kurungu ko bargi ko ragon ruwa. Ga gaiwa da ke shiga cikin laka ta yi wata da watanni tana jiran damina, wadda ita kaɗai ta isa darasin kimiyya na awa guda. Ga dumba, jerin gurar da ake tare mashigi da ita daga gaɓa zuwa gaɓa, wadda ta sha jawo faɗa tsakanin na sama da na ƙasa saboda ba ta barin ko ɗan kifi ya wuce. Ga kuma sarautar Sarkin Ruwa, wanda a al'ada shi ke cewa yau a shiga tafki kaza, wancan kuma a bar shi ya huta sai baɗi. Tun kafin a zo da kalmar kare muhalli, wannan doka na aiki. Tsofaffin da suka san ta dalla-dalla suna ƙarewa, kuma naɗar muryarsu ba ta buƙatar fiye da wayar hannu da ɗan littafin rubutu.

Haka kaba da ake yankowa daga goruba, mata su saƙa tabarma da faifai da igiya, dillalai su loda a mota zuwa kasuwannin nesa. Haka bado da ake tsinka a ci a shekarar yunwa. Haka kasuwar kifi ta Haɗeja, inda banda ke tashi zuwa kudancin ƙasar nan, har da busassun kwaɗi waɗanda mu ba mu ci amma suna da masu saye.

Tarihi ma a bakin ruwan yake. Garun Gabas, wato Biram ta cikin Hausa Bakwai, tana nan arewa da Haɗeja. Auyo tsohuwar masarauta ce mai harshenta, ɗan'uwan Badanci, wanda ya mutu 'ya'yansa suka koma Hausa. Sarkin Haɗeja Buhari, wanda ya gagari Sakkwato, a yaƙin Gogaram ta ƙasar Bade ya rasu a 1863, kuma a Gogaram ɗin ne Badawa ke yin bikin kamun kifinsu. A watan Afrilun 1906 Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, ya yi shahada tare da jama'arsa masu yawa. Layin dogo ya isa Nguru a 1930, ya ratsa ta Malam Madori, ya sauya hanyar fataucin yankin. Ɗaki guda mai kyakkyawan tsari zai ɗauke wannan duka.

Wa zai fara shiga?

Idan aka ce yawon buɗe ido, tunanin jami'ai kan tafi ga Bature mai kyamara da dala a aljihu. Irin wannan baƙo zai zo jefi-jefi, amma ba a gina kasuwa a kansa, musamman da yake ƙasashensu kan gargaɗe su game da tafiya arewacin Najeriya. Baƙon da ke nan kullum shi ne ɗan firamare da ɗan sakandare na Miga da Jahun da Kaugama, da ɗaliban Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa, da na Jami'ar Tarayya ta Dutse, da na Kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗeja, sai iyalan Kano da ke neman inda za su kai yara lokacin hutu. Wannan ya nuna harshen allunan bayani: Hausa da boko da ajami a sama, Turanci a ƙasa, a samu masu bayani da Fulatanci da Manganci da Badanci.

Akwai kuma maganar da ba a so a taɓa. Mutanen da ke zagaye da Baturiya sun dogara da dajin, nan suke kiwo, nan suke su, nan suke samun itace. Gaskiya ne saran itace ya yi wa dajin illa, an daɗe ana lodin bagaruwa da giyayya a manyan motoci zuwa birane, kuma ba talakan ƙauye ne ke cin ribar ba. Gaskiya ne kuma rikicin manoma da makiyaya a ƙasar Guri da Kiri Kasamma ya sha cin rayuka, tushensa kuwa ƙarancin fili ne da toshewar burtali. Dokar gandun ƙasa ta fi ta gandun jiha tsanani. Mutumin da aka wayi gari aka ce masa inda kakansa ya yi kiwo ya zama haramtacce, sannan ya ga an gina wa baƙi wurin shan iska a kai, ba zai zama abokin gandu ba. Darasin mutanen Haida a nan yake da amfani: a sa masu unguwanni da bulamai da ardo-ardo da sarakunan ruwa cikin masu yanke shawara tun kafin a aza tubali, a ɗauki 'ya'yansu aikin jagora da tuƙa kwalekwale da gadi, a kuma bayyana a fili kason da ƙauyuka za su samu daga kuɗin shiga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma babu jami'in da zai zo daga Abuja ya fi masuncin Baturiya sanin tafkin da gauraka ke sauka.

Ba lallai ne komai ya taru a wuri ɗaya ba. Babban zaure a Baturiya, ƙananan rumfuna a garuruwan da ke kan kogin. A Miga, alal misali, aji ɗaya a makarantar sakandare ya isa, da taswira, da ma'aunin ruwa a bakin kogi wanda ɗalibai za su riƙa karantawa suna rubutawa kowace safiya. A shekarar ambaliya wannan littafin zai fi kowane allo amfani, domin shi zai gaya wa na ƙasa cewa ruwa na tafe. Kuɗin wannan bai kai na motar jami'i ɗaya ba. Abin tsoro shi ne a bi hanyar da aka saba, a ba da kwangilar ƙaton gini mai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, a yanke kyalle, bayan damina biyu jemagu su gaje shi.

A taswirar kuma a bar wuri ga Kafin Zaki. Kogin Jama'are shi ne babban reshen da har yanzu ba a datse ba, shi ke kawo yawancin ruwan da ke isa Gashuwa. An fara aikin madatsar a ƙasar Bauchi tun ƙarshen shekarun 1970, ya tsaya, kuma kusan kowace gwamnati sai an sake tayar da maganar. Mutanen Bauchi na da hujjarsu, na Yobe da Borno na da tasu fargabar, mai ziyara ya kamata ya ji duka biyun.

Ga mai niyyar zuwa

Ba sai an jira gini ba kafin a je, gani ya kori ji. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne tsuntsaye suka fi yawa, ruwa ya ja, hanyoyi sun bushe. Ranar 2 ga Fabrairu ce ranar dausayi ta duniya, lokaci mai kyau ga makarantar da ke son kai ɗalibai. Mai tasowa daga Dutse zai bi ta Kiyawa da Jahun da Kafin Hausa zuwa Haɗeja, ya kwana a nan, ya yi sammako, domin da hantsi ya ɗaga tsuntsaye sun watse. A nemi izinin ma'aikatan gandu, a fara da gaishe da mai gari, a ɗauki ɗan jagora daga ƙauyen a biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba. A tafi da ruwan sha da rigar sanyi da madubin hangen nesa idan akwai. Kada a cika kwalekwale fiye da kima, kada kuma a bar yara su yi wanka a ruwan da ke kwance saboda tsargiya. Wanda ya makara har Afrilu zai tarar baƙin Turai sun tashi, sai dai ya jira shamuwa.